Wane Layi Iyali Mai Fasfo Iri-iri Zai Bi a Filin Jirgi?

A Maraɗi da wuya a sami babban gida wanda dukan mutanensa takardar ƙasa ɗaya suke riƙe da ita. Sarakunan Katsina ne suka kafa garin nan bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19, har yau kuma sarautarmu sunan Katsina take amsawa. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga baya, suka yi ta gyara ta har zuwa yarjejeniyar 1906, ta ratsa tsakanin dangi amma ba ta hana su auratayya ba, shi ya sa auren ɗan Maraɗi da ƴar Jibiya ko Katsina ko Kano ba abin ba da labari ba ne a wurinmu. Abin da ya ƙaru a shekarun baya-bayan nan shi ne ƴaƴanmu da suka tafi karatu ko neman abinci Faransa da Beljiyam da Amurka, suka zauna, suka zama ƴan ƙasa a can, suka kuma haifi yaran da fasfonsu na farko na can ne. Muddin ana cikin gida, babu mai tuna wannan bambanci. Inda yake bayyana shi ne zauren binciken fasfo na filin jirgin sama, wurin da alluna biyu ko uku suke rataye a sama, kowanne yana kiran wani ɓangare na iyalin zuwa layinsa, ga jama'a na turowa daga baya, babu sararin tsayawa a yi shawara.

Gidanmu yana cikin irin waɗannan gidaje. Ni ɗan Nijar ne, mai ɗakina Bakatsiniya ce mai fasfon Najeriya, yaranmu kuma suna da haƙƙi a ƙasashen biyu. Ƙanwata tana aure a Faransa; mijinta da ƴaƴanta suna da fasfon Faransa, ita kuwa har yanzu na Nijar take riƙe da shi tare da katin izinin zama. Saboda haka maganar layin da za a bi ta sha tasowa a tsakaninmu, maƙwabta masu shirin tafiya ma sukan zo su tambaye ni. Amsar da nake ba su ba ta canzawa: kada iyali ya rabu a gaban jami'in iyaka, kuma layin da za a bi shi ne na mutumin da takardarsa ta fi jawo tambaya, sai fa idan ma'aikacin wurin ne da bakinsa ya ce a bi ɗayan layin gaba ɗaya. Wanda fasfonsa ke wucewa cikin sauƙi, in ya tsaya a dogon layi lokaci kawai ya rasa, amma wanda aka bari shi kaɗai a baya yana iya rasa tafiyar dukanta.

Domin a gane dalili, sai an san cewa aiki iri biyu ake yi a bakin tagogin nan. Idan ɗan ƙasa ya miƙa fasfonsa, abin da jami'i zai tabbatar shi ne takardar ta gaskiya ce, kuma mai riƙe da ita shi ne mai hoton. Ba zai tsare shi da tambayar abin da ya kawo shi ƙasarsa ba. Baƙo kuwa neman izini yake yi, ko da biza tana manne a fasfonsa, domin biza ba ta wajabta wa jami'i ya bar mutum ya shiga, hukuncin ƙarshe a bakin tagar ake yanke shi. Za a so a ji inda zai sauka, da kwanakin da zai yi, da wanda zai ɗauki nauyinsa, da ranar komawarsa, a kuma ga shaidar kowanne a rubuce. A tafiyar iyali, amsoshin waɗannan tambayoyi galibi suna bakin mai fasfon ƙasar ne, takardun ma suna cikin jakarsa, don shi ne mai gidan da za a sauka, shi ya sayi tikiti, shi ya san sunan titi da lambar ƙofa. Idan ya bi gajeren layi ya wuce, ya tafi da amsoshin ke nan. Wanda ya ƙetare tagar kuwa ba a barinsa ya komo baya, a wurare da yawa ma an hana amfani da waya a cikin zauren.

Haka ta faru da wata dattijuwa a unguwarmu wadda ɗanta, mai fasfon wata ƙasar Turai, ya zo ya ɗauke ta domin ta je ta ga jikokinta. Da suka sauka ya ga layinsa babu kowa, nata kuwa ya yi ninki-ninki, sai ya ce mata, “Inna, ki bi nan a hankali, ni zan wuce in ɗauko mana kaya, mu haɗu a gaba.” Niyyarsa mai kyau ce, yana so ya rage mata tsayuwa a wurin ɗaukar kaya. Amma baiwar Allah ba ta jin wani harshe sai Hausa, takardar masauki da tikitin komawa da takardar inshorar lafiya kuma duk suna cikin jakar da ya rataya. Da ta isa taga aka yi mata tambaya ba ta gane ba, aka sake ba ta gane ba, sai aka kai ta wani ɗaki aka zaunar da ita, ta daɗe a can kafin a nemo ɗan nata. A ƙarshe ta shiga ƙasar lafiya, jami'an ma ba su ci mutuncinta ba, aikinsu suka yi. Sai dai da ta dawo muka je yi mata barka da hanya, abin da ta ce mini shi ne, “Ɗana, ba zaman ne ya dame ni ba, rashin sanin laifin da na yi ne.” Babu wani lokaci da za a ce an rage wanda ya kai darajar sa tsohuwa cikin irin wannan fargaba.

Turai ce ta fi kowa tsara wannan magana a rubuce, don haka ya dace a tsaya a kanta. A filayen jiragen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu, akwai allo shuɗi mai da'irar taurari 12 ɗauke da haruffan EU da EEA da CH, wato layin ƴan Tarayyar Turai da na wasu ƙasashe huɗu da suka haɗa da Norwe da Suwizalan, akwai kuma allon da aka rubuta cewa na kowane irin fasfo ne. Ɗan Turai yana da cikakken ikon tsayawa a layin kowane fasfo, babu wanda zai kore shi, ke nan hanyar haɗuwa a dogon layi kullum a buɗe take. Ban da wannan, dokar Tarayyar ta 2004 kan ƴancin zirga-zirga ta ba iyalin ɗan Turai, ko da su ba ƴan Turai ba ne, damar cin moriyar wannan ƴanci idan suna tare da shi ko za su je su same shi, kundin dokokin iyakar Shengen kuma ya ce masu wannan ƴanci suna iya bin layin mai taurari. Sai dai akwai wani lungu a dokar wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba: ta shafi ɗan Turai ne da ya nufi wata ƙasar Tarayyar wadda ba tasa ba. Mijin ƙanwata in ya kai iyalinsa Beljiyam ko Sifaniya, dokar Tarayya ce ke aiki a kansu. In kuwa Faransa ya dawo da su, al'amarin matarsa da surukarsa yana ƙarƙashin dokar Faransa ne. A aikace jami'ai da dama sukan karɓi miji da mata da yara tare a taga ɗaya, amma wannan sassauci ne daga gare su, bai kamata mutum ya ɗaga murya yana nemansa kamar bashi ba.

Waɗanda dokar ta lissafa a cikin iyali ma ba su kai yawan waɗanda mu muke lissafawa ba. Ta san miji ko mata, da ƴaƴan da ba su kai shekara 21 ba ko waɗanda har yanzu ake ɗaukar nauyinsu, da iyayen da suka dogara da mutum wajen ci da sha, nasa ko na matarsa. Ƙane da ƙanwa, goggo da kawu, da ɗan ɗan'uwa da ake riƙo tun yana goye, duk da cewa a wurinmu ƴan gida ne na sosai, ba sa cikin wannan jerin kai tsaye. Dokokin zama a Turai mace ɗaya suka sani, wannan kuma abu ne da mai iyali fiye da ɗaya zai yi tunaninsa tun kafin ya nemi biza. Sannan dangantakar da ba ta a takarda, a bakin taga kamar babu ita ce. Aure da yawa a Maraɗi a ƙofar gida ake ɗaura su, da waliyyai da shaidu da goro, ingantattu ne a addini da al'ada, amma jami'in iyaka ba shi da hanyar ganinsu sai an je ma'aikatar magajin gari an yi rajista an karɓi takardar aure ko littafin iyali. Duk mai aure tsakanin ƙasashe biyu, ina roƙonsa ya yi wannan rajista tun babu maganar tafiya.

Tun daga ranar 12 ga Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara wani sabon tsari na rajistar shiga da fita ta kwamfuta ga baƙi masu gajeren zama, wato masu kwana 90 a cikin 180. Ana ɗaukar hoton fuska, ana kuma gwada zanen yatsu da wanda aka ɗauka lokacin neman biza. Yaran da ba su kai shekara 12 ba ba a ɗaukar yatsunsu, masu katin izinin zama kuma tsarin bai shafe su ba. Ke nan iyali ɗaya yana iya kasuwa gida uku: mijin ƙanwata da yaransa ƴan ƙasa ne, ƙanwata mai katin zama ce, mahaifiyarmu in ta bi su baƙuwa ce da za a tsayar gaban na'ura. Ita ce za ta fi daɗewa, ita ce kuma ta fi buƙatar wanda zai gaya mata ta dubi nan, ta ɗora yatsu can. A nan zan ɗan ratse in ja hankalin mata: ƙunshin da ake yi na tafiya, musamman baƙin lalle da ya rufe kan yatsu, yakan hana na'ura karanta zanen, ga shi kuwa mu ba ma rabuwa da kwalliyar tafiya. A yi ƙunshin a bar kan yatsu, ko a jira sai an isa.

Babban abin da ke jan mutane su rabu yanzu shi ne ƙofofin na'ura masu buɗewa da kansu. Faransa tana da nata da ake kira PARAFE. Ingila tana da nata, waɗanda ƴan ƙasarta da ƴan Tarayyar Turai da Amurka da Kanada da Japan da wasu ƙasashe kaɗan suke bi. Najeriya ma ta kafa irinsu a Abuja da Legas a 2024 domin masu fasfonta. Mutum ɗaya suke ɗauka a lokaci guda, gilashi ya rufe a bayansa, babu wanda zai roƙa ya jira matarsa. Fasfon Nijar ko na Najeriya ba ya buɗe na Paris ko na Landan, ƙananan yara ma ba a yarda su bi ta ciki ba ko da ƴan ƙasa ne. Matasanmu da suka tashi a can sun saba da waɗannan ƙofofi, ƙafarsu can take nufa ba tare da tunani ba, don haka tun jirgi bai sauka ba ya kamata uba ya gaya wa babban yaronsa cewa yau ba ranar na'ura ba ce, zai tsaya kusa da kakarsa ya yi mata tafinta.

Da an shiga zauren, a nemi ma'aikacin da ke tsaye a bakin layuka yana nuna wa mutane hanya, a nuna masa fasfo duka a tare, a gaya masa a taƙaice cewa iyali ɗaya ne. Matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa in ya ga jariri ko tsohuwa ko mace mai ciki, shi da kansa zai ɗaga igiya ya tura ku gajeren layi, kuma wanda ya shiga da izini babu mai dawo da shi. In ya ce a'a, ko kuma babu kowa a wurin, sai a bi layin kowane fasfo a tare. Abin da ba na so shi ne mutum ya kutsa da iyalinsa layin ƴan ƙasa da ƙarfin hali, a kai bakin taga a ce masa ya koma baya. A lokacin wani jirgin ya sauke nasa mutanen, layin ya ninka, jami'in kuma ya riga ya ɗaure fuska. Sauri ya haifi nawa ke nan.

A bakin tagar ma akwai tsari. Idan an yarda iyali su matso tare, wanda ya fi jin harshen ya miƙa fasfo duka, kowanne a buɗe a shafin hoto, ya faɗi wane ne wane. Idan kuwa an ce ɗaya bayan ɗaya, wanda takardarsa ta fi jawo tambaya shi zai fara, mai fasfon ƙasar ya zama na ƙarshe, yana tsaye a bayan layin da aka ja a ƙasa inda za a iya kiransa da hannu. Kada maigida ya riƙa amsa wa matarsa tambayar da ita aka yi wa, sai in an nemi ya fassara. A wurinmu mutunci ne namiji ya yi magana a madadin iyalinsa, amma jami'an nan an horar da su su lura da macen da ba a bari ta buɗe baki, saboda fataucin mutane, sai abin da aka yi don girmamawa ya zama abin zargi. Akwai kuma kunyarmu ta Hausawa wadda baƙo ba zai taɓa zato ba: mace ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari. Jami'i kuwa abu na farko da yakan tambaya shi ne sunan wanda aka zo wurinsa, in ya ga an sunkuyar da kai an yi shiru sai ya ɗauka ba a san mutumin ba ne. Ban ga dalilin tilasta wa dattijuwa ta karya abin da ta rayu a kansa ba. A rubuta mata sunan a takarda ta nuna da yatsa, ya wadatar. Mai niƙabi kuma ta san dole a ga fuskarta a gwada da hoto, tana iya roƙon a kira mata ma'aikaciya mace.

Maganar yara ta fi kowace tsauri, kuma a nan ne auren Maraɗi da Katsina yake da tasa matsalar ta musamman. Takardun Nijar da rubutun Faransanci ake cika su, na Najeriya da na Ingilishi, sai sunan uba ɗaya ya fito Ousmane a wannan takarda, Usman a waccan. Issoufou a nan, Yusuf a can. Uwa kuwa sunan mahaifinta take ɗauke da shi, babu abin da ya haɗa sunanta da na ɗanta a fasfo. Jami'in da bai san mu ba, in ya ga mace da fasfon wata ƙasa tana riƙe da yaro mai fasfon wata ƙasar da suna daban, yana da hujjar tsayar da ita. Maganin abin shi ne takardar haihuwar yaro mai ɗauke da sunan uwa da uba, a riƙe ta a jakar hannu, kada a sa ta cikin akwatin da zai shiga cikin jirgi. In ɗaya daga cikin iyayen ba ya cikin tafiyar, a riƙe rubutaccen izininsa mai hatimin hukuma tare da hoton katin shaidarsa. Faransa ma tun Janairun 2017 ta wajabta takardar izinin fita ga duk yaron da ke zaune a ƙasarta in zai yi tafiya ba tare da ko ɗaya daga cikin iyayensa ba, abin da ya shafi yaran da ake turowa gida hutu da kawu ko goggo. Kuma ko yaya aka yi, kada a raba ƙaramin yaro da iyayen duka biyu don layinsa ya fi gajarta.

Yaron da ke da fasfo biyu kuwa, Nijar ta halatta riƙe ƙasa biyu tun gyaran dokar 2014, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya yarda da hakan ga wanda ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ƙa'idar da ke hana ruɗani ita ce a shiga ƙasa a fita daga cikinta da fasfo ɗaya, in kuma yaron ɗan ƙasar ne, da nata fasfon. Amurka doka ta mayar da wannan ga ƴan ƙasarta, har jarirai. A wurin ma'aikatan kamfanin jirgi kuma, fasfon da za a nuna shi ne wanda zai ba yaron damar shiga inda aka dosa. A wannan teburin ne ma wani bambancin yake fitowa: Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da dukan yankin Shengen ke nema wa bizar ratse, ko da mutum ba zai fita daga filin jirgin ba, sai in yana cikin waɗanda aka ɗauke wa, kamar mai katin zama, saboda haka hanyar da ta yi wa maigida daidai tana iya rufewa ga matarsa.

Kada kuma a ɗauka fasfon Turai ne mai sauƙi a ko'ina, domin da an juyo gida sai al'amarin ya kife. Daga Maraɗi zuwa filin jirgin Diori Hamani na Yamai tafiyar fiye da kilomita 600 ce, zuwa filin Malam Aminu Kano kuwa ba ta kai rabin haka ba, shi ya sa da yawanmu ta Ɗan Isa da Jibiya muke bi mu tashi daga Kano. A Kano mai ɗakina ce ƴar gida, ni maƙwabci ne da ba ya buƙatar biza, ƴaƴan ƙanwata kuwa, in fasfon Faransa kaɗai suke riƙe da shi, baƙi ne da sai da bizar Najeriya za su sauka, a Yamai ma sai da bizar Nijar. A irin wannan rana a Yamai ƙanwata ce za ta bar layin ƴan ƙasa ta tsaya da mijinta da yaranta a layin baƙi, ita ce mai adireshi, ita ce mai harshe. Iyayen da ke zaune a waje, in sun yi wa ƴaƴansu takardun Nijar tun suna ƙanana, sun sauƙaƙa musu zuwa gida har tsawon rayuwa.

Matsayin ɗan Nijar a layukan Afirka ta Yamma ma ya sami sauyi. Yarjejeniyar CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS) ta 1979 ce ta ba mu shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, suka fito da fasfon ƙawancensu na ƙasashen Sahel da ake kira AES. CEDEAO ta sanar a ranar cewa ƙasashenta za su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta na ƴan ƙasashen uku, da barinsu su shiga ba biza har sai an sake sanarwa, ƙasashen AES su ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga ƴan CEDEAO. Duk da haka allon da ke rataye a filin jirgi ba ya bayanin siyasa, don haka ɗan Nijar mai mata ƴar Najeriya ya tambaya kafin ya shiga layi. Wani abin da mutanenmu suke sakaci da shi shi ne hatimin shiga. Mun saba ƙetare Jibiya zuwa biki ko kasuwa ba tare da an taɓa fasfo ba, amma wanda zai tashi daga Kano da fasfon Nijar ya tsaya a iyaka a buga masa hatimi, domin jami'in fita zai nemi shaidar ranar da ya shigo da hanyar da ya bi. Katin rigakafin cutar shawara na kowa, manya da yara, shi ma ya kasance a hannu, don sau da yawa shi ake fara dubawa kafin a kai ga tagar fasfo.

Na san abin da wasu za su ce: akwai jirgi na biyu da za a kama, akwai akwatunan da ke zagayawa babu mai tsaro. Game da jirgi na biyu, rabuwa ba ta rage komai, tunda wanda ya wuce da wuri ba zai hau ya bar matarsa ba. Abin da ke taimako shi ne a nuna wa ma'aikaci takardar hawa jirgin ya ga lokacin, ko kuma tun wajen sayen tikiti a bar tazara mai yawa, musamman da yake a Shengen filin farko da aka sauka a nan ake binciken fasfo, ba a garin da aka dosa ba. Akwati kuwa in an daɗe ma'aikata sukan sauke shi su ajiye gefe. Inda na yarda a rabu shi ne tsakanin manya biyu da suka saba tafiya, kowanne yana jin harshen, kowanne takardunsa na hannunsa, babu yaro babu tsoho a tare da su. Ko a nan ma, in da yara suna kallo, ni na fi son a tsaya tare, domin yaro yana karanta abin da idonsa ya gani. Ba na so ɗana ya tashi da tunanin cewa akwai ƙofar da shi da ubansa suka cancanta, mahaifiyarsa kuwa sai ta jira a baya.

Duk da wannan shiri, wani lokaci jami'i yakan raba mutane don kansa, ya ce wannan ta bi nan, wancan ya bi can, kuma babu gardama da shi. Saboda haka kowane babba ya riƙe kwafin tikitin komawa da takardar masauki da ta inshora a jikinsa, kada a tara su a jaka ɗaya, a kuma yi alkawari tun cikin jirgi cewa wanda ya fara wucewa zai tsaya a wuri mafi kusa da aka yarda a tsaya, ba zai tafi neman kaya ba. Tsohon da tsayuwa ke wahalar da shi, a nemi masa keken guragu daga kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya; a Turai kyauta ne bisa doka, mai tura keken kuma yakan bi da shi ta hanya ta daban tare da mai rakiya. A aljihun duk wanda ba ya jin Faransanci ko Ingilishi a sa ƴar takarda da aka rubuta da harshen ƙasar da za a je: sunansa, sunan wanda yake tare da shi da lambar wayarsa, adireshin masauki, da bayanin cewa Hausa yake ji, domin in an kai shi ɗakin tambaya a san irin tafintan da za a nemo masa.